Shirin Musamman: Elmina, Garin da Teku ke Tsara wa Rana da Mako da Shekara

Shirin musamman na wannan mako zai leƙa rayuwar yau da kullum a Elmina, wani ƙaramin garin masunta da ke gaɓar Tekun Atlantika a ƙasar Gana. Shirin zai bi mutanen garin tun daga fitar kwale-kwale da yamma har zuwa murhun bandar kifi, ya duba dokokin hutu da suka gada kaka da kakanni, sannan ya tsaya a kan matsalar da ta fi ci musu tuwo a ƙwarya a yau, wato ƙarancin ƙananan kifayen da rayuwarsu ta dogara a kansu.

Elmina, wanda mutanensa ke kira Edina, yana cikin Yankin Tsakiya na Gana, kimanin kilomita 12 yamma da birnin Kef Kos, kuma mazaunansa, waɗanda galibinsu harshen Fanti suke yi, sun ɗan haura dubu 30. Garin ya kafu ne a bakin Benya, wani tafkin ruwan gishiri da ke haɗe da teku ta wata 'yar siririyar mashiga, wanda ruwansa ke cika idan teku ya yi tashi, ya kuma janye idan teku ya sauka. Wannan tafki shi ne asirin garin, domin a mafi yawan gaɓar Gana masunta sai sun yi kokawa da raƙuman ruwa kafin su tura kwale-kwale cikin teku ko su jawo shi kan rairayi, alhali kuwa masuncin Elmina yana da mafaka mai kwanciyar ruwa inda zai ɗaure jirginsa ya tafi gida hankali kwance.

Duniya ta fi sanin garin da katafariyar ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a shekarar 1482 ƙarƙashin jagorancin Diogo de Azambuja, shekara goma sha ɗaya bayan jiragensu sun fara isowa wannan gaɓa neman zinariya. Turawan Holan sun ƙwace ta a 1637, suka mayar da kurkukunta matattarar bayin da ake lodawa zuwa nahiyar Amurka, sannan suka miƙa ta ga Ingila a 1872. A watan Yunin 1873 sojojin Ingila suka yi wa tsohon garin ruwan igwa saboda goyon bayan da mutanensa ke bai wa Ashanti, suka ƙone shi ƙurmus, bayan an riga an kai sarkinsa Kobina Gyan gudun hijira Saliyo, abin da ya sa filin da ke yamma da ganuwar ya zama kango har yau, jama'a suka sake gina gidajensu a ɗaya tsallaken tafkin. Hukumar UNESCO ta sanya ganuwar cikin wuraren tarihi na duniya a 1979, kuma 'yan yawon buɗe ido, musamman baƙar fatar Amurka masu neman tushensu, suna zuwa ganinta kowace rana. Sai dai duk wanda ya tsaya a kan bangonta ya dubi ƙasa zai ga cewa cikin mutanen garin ba a kan masu ziyara ya dogara ba, a kan ɗaruruwan kwale-kwalen da suka cika bakin tafkin ne, kowanne da tutocinsa suna kaɗawa.

Kwale-kwalen Fanti abin a tsaya a duba ne. Ana sassaƙa gindinsa daga gungumen itace guda na bishiyar wawa, wata doguwar bishiya mai sauƙin nauyi da ke fitowa a kurmin cikin ƙasa, a ɗoro shi a babbar mota zuwa bakin teku, inda kafintoci ke ƙara masa katako a gefe da gefe har ya yi zurfin da zai iya ɗaukar taru da mutum ashirin ko fiye. Bayan haka sai mai fenti ya shigo, ya zana masa launuka masu ɗaukar ido, ya rubuta masa suna, wanda kan kasance ayar Baibul ko karin magana ko wani habaici ga maƙiya, a kuma kafa masa tutar wata ƙasa ko ta wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Turai, domin matan da ke jira a tudu su gane jirginsu tun yana nesa. Tun wajajen shekarar 1960 injin da ake maƙalawa a gefen jirgi ya maye gurbin filafili da tanti, kuma a yau injin Yamaha mai ƙarfin doki 40 shi ne aka fi yayi, yana shan wani man fetur da aka gauraya da baƙin mai, wanda gwamnati ke sayar wa masunta a farashi mai rangwame. Ranar da tankar wannan mai ta yi jinkirin zuwa, za a ga jarkoki jere a bakin famfo, majiya ƙarfi kuma zaune a inuwa ba aikin yi.

Masu neman kifin da ke yawo garke-garke sukan fita ne da la'asar ko bayan faɗuwar rana, su kwana a teku. Jagoran jirgi, wanda ake kira bosun, shi ne mai sanin inda za a nufa, kuma a daren da babu farin wata yakan gane garken kifi ta wani ƙyalli da ruwa ke yi idan kifayen suka motsa, abin da ya sa kamu ke raguwa a kwanakin da wata ya cika. Da zarar an hango garke sai jirgi ya zagaye shi da taru, wasu samari su yi tsalle cikin ruwa suna bugunsa don kada kifi ya tsere ta baki, sannan a ja igiyar da ke ƙasan tarun ta tsuke shi kamar bakin jaka, a shiga jan sa da hannu ana waƙa don ƙarfi ya zo ɗaya. Akwai kuma masu ƙugiya, waɗanda ke tafiya da akwatin ƙanƙara su yi kwanaki a can cikin teku suna neman manyan kifaye masu tsada.

Da gari ya waye, idon kowa yana kan gadar da ta ratsa mashigar Benya. Maza da yara kan jeru a kanta suna kallon jiragen da ke shigowa ɗaya bayan ɗaya ta ƙarƙashinsu, kuma ba sai an tambaya ba, yanayin zaman jirgi a ruwa ya isa ya ba da labari, domin wanda ya yi kamu yakan nutse har ruwa ya kusa taɓa bakinsa, ma'aikatansa na tsaye suna waƙa, mutanen kan gada na yi musu tafi, wanda kuwa ya dawo wayam yakan wuce shiru, kowa kansa a sunkuye. Daga nan sai hayaniya ta koma Mpoben, babbar kasuwar kifi ta garin, inda 'yan dako ke shiga ruwa har ƙirji da manyan kwanonin silba a ka, su fito da su cike, ruwan kifi na zuba a kafaɗunsu.

A wannan gaɓa ce aikin maza ke ƙarewa, mulkin mata ya fara. A al'adar Fanti mace ba ta shiga teku kamun kifi, amma kusan duk abin da ya shafi kifi bayan ya taɓa tudu a hannunta yake, tun daga saye da sarrafawa har zuwa kai shi kasuwannin nesa. Matan suna da shugabarsu da ake kira konkohemaa, wato sarauniyar masu cinikin kifi, wadda ke zama da masu jiragen farko da suka iso a daidaita farashin kwano na wannan safiya, ita ce kuma ke sasanta rigimar bashi da ta awo tsakanin 'yan kasuwa. Manyan 'yan kasuwar cikinsu su ne bankin masunta na haƙiƙa, domin su ke ba da kuɗin mai da na abinci kafin jirgi ya tashi, su ke ranta kuɗin sabon inji ko na gyaran taru, bisa sharaɗin cewa idan jirgin ya dawo su za a fara sayar wa kifi, wasunsu ma sun mallaki jirage sukutum suna ɗaukar maza aiki. Yawancin wannan hulɗa ba a rubuce take ba, amana ce da sanin asali ke riƙe da ita, har ma tsakanin miji da mata ciniki ake yi na gaskiya, ya sayar mata da kifi, ta juya shi, daga ribarta ta ciyar da gida ta biya kuɗin makarantar yara. Su kuwa ma'aikatan jirgi ba albashi suke karɓa ba, kaso ne, inda ake fara cire kuɗin mai da sauran ɗawainiya, sannan a raba abin da ya rage tsakanin mai jirgi da ma'aikata, kowa kuma a ba shi ɗan kifin miya ya kai gida.

Tun da hantsi hayaƙi ke turnuƙe unguwannin bayan kasuwa, saboda kifi ba ya jira a ƙasa mai zafi irin wannan. Murhun da aka fi amfani da shi ana kiransa Chorkor, sunan wata unguwar masunta ta birnin Akara inda aka ƙirƙiro shi a 1969 da haɗin gwiwar matan unguwar da Cibiyar Binciken Abinci ta Gana da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Gini ne na laka ko bulo mai kusurwa huɗu, da ƙofar wuta a ƙasa, ana jera farantan katako masu ragar waya a kansa, ɗaya bisa ɗaya har goma ko fiye, ta yadda hayaƙi da zafi za su ratsa dukkansu da itace kaɗan. Mace da 'ya'yanta da 'yan aikinta sukan wanke kifin, su shimfiɗa shi ɗaya-ɗaya a kan raga, su riƙa sauya farantan, na sama ya dawo ƙasa, na ƙasa ya koma sama, har kifin ya yi ja ya bushe, kuma wanda aka banda da kyau yakan yi watanni bai lalace ba. Aiki ne mai cin ido da ƙirji, shi ya sa a 'yan shekarun nan ake ƙoƙarin yaɗa wani sabon murhu mai suna Ahotor wanda ke rage hayaƙi. Kifin da ya fara lalacewa kuma ba a zubar da shi, ana cuɗe shi da gishiri a bar shi ya yi kwanaki, ya zama momoni, wani kifi mai ƙarfin wari da ake jefawa a miya don ɗanɗano. Gishirin ma na gida ne, domin a bayan tafkin akwai faffadan fakaiku da ake tare ruwan teku a ciki rana ta ƙafar da shi, sana'ar da ta fi albarka a lokacin hunturu.

Masu sauraro, ana tare da shirin musamman ne a kan rayuwar garin Elmina na ƙasar Gana, kuma bayan tsarin yini, yanzu shirin zai juya ga tsarin mako da na shekara.

Ranar Talata ba a fita su a Elmina, kamar yadda yake a yawancin garuruwan Fanti na bakin teku. A wurin masu bin addinin gargajiya rana ce ta abin bautar teku, amma Kirista da Musulmi duk suna kiyaye ta, kuma wanda ya karya dokar yakan gurfana gaban apofohen, wato sarkin masunta, wanda matsayinsa ya yi daidai da na Sarkin Ruwa a ƙasar Hausa, shi ke yanke tara, shi ke raba gardama idan tarun wani ya sarƙe da na wani, shi ne kuma ke tara jama'a neman jirgin da ya ɓace. A ranar ce ake shimfiɗa taruna a kan rairayi da gefen titi, maza su zauna a kansu, kowa ya maƙale raga da babban yatsan ƙafa ya ɗaure ta, yana ɗinke ɓarakar da allurar roba, yara na koyo a gefe, wasu kuma na toshe tsagar jirgi da kwalta. Ranar ce ta taron dangi da biyan bashi da sasanta ma'aurata, kuma ko da ba a faɗa da baki ba, rana ce da teku ke samun sararin numfashi sau ɗaya a kowane mako.

Shekarar masunci kuwa tana da kakarta. Daga watan Yuli zuwa Satumba ruwan ƙarƙashin teku mai sanyi yakan taso sama, ɗauke da sinadaran da ke ciyar da ƙananan halittun ruwa, su kuma su jawo garken kifin sadin da Fanti ke kira eban zuwa kusa da gaɓa, sannan a sake samun irin wannan tasowa, amma ƙarama, a wajajen Janairu. A bakin wannan kaka ce ake bikin Bakatue, wato buɗe tafki, a Talatar farko ta watan Yuli. Makonni shida kafin ranar ake hana jefa koma a Benya, a hana kaɗe-kaɗe da bukukuwan jana'iza, har sai ranar da omanhen, sarkin ƙasar Edina, ya fito cikin jerin gwano da hakimansa da ƙungiyoyin asafo, waɗanda su ne rundunonin mayaƙan gari a da, a yau kuma suke aikin gayya da tsaron al'ada. A bakin tafkin ake jefa koma sau uku, a miƙa abin da ta kamo, a sanar da ɗage haramci, mata sanye da ado su hau jirage suna zagaya ruwa. Abin lura a nan shi ne cewa tun kafin a san ilimin kimiyyar kifi na zamani, mutanen garin sun fahimci cewa ruwan da ba a ɗaga masa ƙafa ba zai daɗe yana ciyar da mutane ba.

Garin yana da Zango, kamar sauran garuruwan kudancin Gana, kuma alaƙarsa da mutanen arewa tsohuwa ce. Tsakanin 1831 da 1872 Turawan Holan sun ɗebi sojoji kimanin 3,000 ta Elmina zuwa tsibiran da a yau ake kira Indunisiya, da yawansu bayi ne 'yan arewa da aka samo ta Kumasi, kuma waɗanda suka dawo sun zauna a wata unguwa da har yanzu ake kira Tudun Jaba, da sunan tsibirin da suka yi aiki. Da Ingila ta karɓi garin, ta kawo dakarun Hausawa daga Legas don tsaron ganuwar, daga baya fatake da malamai da mahauta suka biyo. A yau kiran sallar asuba daga masallacin Zango yakan riski masu kokon safe sun riga sun ɗora tukunya, kuma ɗan dakon da ya fito daga ruwa yana rawar sanyi yakan karya da koko da ƙosai kafin ya koma, da rana kuma ya ci dokunu, tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganyen ayaba, da soyayyen kifi da barkono. Kwandunan bandar da ake lodawa a motoci suna bin tsohuwar hanyar fatauci ne zuwa Kumasi da Techiman da Tamale, har su tsallaka iyaka, ta yadda miyar gidaje masu nisan ɗaruruwan kilomita daga teku take da rabo a kamun daren Elmina.

Wannan tsari duka a kan ƙaramin kifi yake tsaye, kuma ƙaramin kifin yana ƙarewa. Kifi ne ke samar da kusan kashi 60 cikin 100 na abincin gina jiki na dabba da mutanen Gana ke ci, amma kamun sadin, wanda ya haura tan dubu 100 a shekara a cikin shekarun 1990, ya faɗo zuwa wajajen tan dubu 20 bayan shekaru ashirin. Ruwa ba ya tsami banza. Jiragen gargajiya sun yi yawa, sun haura dubu 12 a faɗin gaɓar ƙasar, kuma da kamu ya ragu sai wasu suka koma ga hanyoyin da doka ta haramta, irin su kunna fitila mai ƙarfi da janareta a cikin ruwa don tara kifi, da raga mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi, da nakiya da guba. Sama da wannan akwai manyan jiragen masana'antu masu jan taru a ƙasan teku, waɗanda lasisinsu na kifin ƙasa ne, amma suka riƙa kwasar ƙananan kifayen sama, su daskarar da su fale-fale, su sayar wa wasu jirage na musamman a tsakiyar teku cikin dare. Wannan haramtacciyar sana'a ita ake kira saiko, kuma Elmina ce ta kasance babbar tashar sauke ta. Ƙungiyar kare muhalli ta EJF ta ƙiyasta cewa a shekarar 2017 kaɗai an sauke kimanin tan dubu 100 ta wannan hanya, ta kuma gano cewa akasarin manyan jiragen, ko da yake suna ɗauke da tutar Gana, kamfanonin ƙasar Sin ne ke cin moriyarsu. A 2021 Tarayyar Turai ta bai wa Gana katin gargaɗi karo na biyu kan sakaci da kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba, hukumomi kuma suka tsaurara matakai a kan saiko.

Illar wannan ƙaranci a bayyane take a titunan garin. Jirgi kan ƙone man da aka ranto ya dawo da kwano biyu ko uku, wani lokaci ma da tarin leda a cikin taru, bashin 'yar kasuwa ya hau kan na jiya, ita kuma ta koma sayen daskararren kifin da aka shigo da shi daga waje don kada murhunta ya mutu. Samari da dama sun bi sahun magabatansu zuwa gaɓar Kodebuwa da Laberiya da Gambiya, inda masuntan Fanti suka daɗe da kafa unguwanni. A 2019 gwamnati ta fara rufe teku na wata guda ga masuntan gargajiya don kifi ya samu ya hayayyafa, a 2023 kuma aka buɗe sabuwar tashar jiragen su a garin, mai katangar tare igiyar ruwa da wuraren ciniki. Masunta da yawa ba su ƙi hutun ba, tun da sun san shi a al'adarsu, ƙorafinsu shi ne gidan da ke ci daga kamun yau ba shi da abin da zai kai shi ƙarshen wata, kuma babu adalci a ɗaure hannun mai kwale-kwale matuƙar ba a sa ido sosai a kan babban jirgi ba.

Abin da rayuwar Elmina ke nunawa shi ne cewa al'ummar da ta ware wa teku ranar Talata, ta kuma rufe tafkinta makonni shida a kowace shekara, ba ta buƙatar a koya mata ma'anar haƙuri da ruwa. Abin da take buƙata shi ne doka ta hau kan kowa daidai, babba da ƙarami, a tallafa wa mata masu banda da ma'aikatan jirage a lokacin rufe teku, su kuma masuntan su yi watsi da fitila da guba da ƙaramar raga, domin sabuwar tasha ba za ta amfani kowa ba idan babu kifin saukewa a cikinta. Kira ga hukumomin Gana da sarakunan masunta da 'yan kasuwar da ke dakon banda zuwa arewa shi ne su haɗa kai su kare 'ya'yan kifi tun da sauran lokaci, kira ga mai saye kuma shi ne ya guji kifin da bai kai girman kamu ba.

A nan shirin musamman na wannan mako ya kawo ƙarshe.